RA'AYINMU: Laifin Kisa Ba Ya Tsufa, Amma Shaida Tana Ruɓewa

Duk mutumin ƙasar Awe da ya yi wayo kafin shekarar 2001 ba zai manta da watan Yuni na wannan shekara ba. Ran 12 ga watan ne waɗansu 'yan bindiga suka yi wa Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, kwanton ɓauna a kan hanya, suka kashe shi tare da waɗansu mutanensa. Marigayin kuwa, ban da sarauta, yana cikin masu ba Gwamna Abdullahi Adamu shawara. Tun kafin masu bincike su ce uffan, jita-jita ta riga ta yanke hukunci, aka ɗora laifin a kan ƙabilar Tibi baki ɗayanta. Wutar ramuwar gayya ta bi ƙauyukan Awe da Keana da Obi, aka yi asarar rayuka masu yawa, aka ƙone gidaje da rumbuna, dubban mutane suka tsere zuwa jihar Binuwai. Yawancin waɗanda suka mutu a wannan fitina, ta kowane ɓangare, manoma ne da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Bayan shekara 12, ran 7 ga watan Mayu, 2013, aka sake zubar da jini a Alakyo kusa da Lafiya, inda 'yan ƙungiyar Ombatse suka tare ayarin jami'an tsaro, suka kashe fiye da 60 daga cikinsu, aka ƙone gawawwaki da yawa har ba a iya gane su. Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya kafa hukumar bincike. A farkon 2018 kuma, bayan dokar hana kiwon sake ta fara aiki a jihar Binuwai, rikicin makiyaya da manoma ya sake cin rayuka a Awe da Keana. Kowane karo hanyar guda ce: a binne matattu, manya su zo jaje, a kafa kwamiti, ƙura ta lafa, fayil ya shiga durowa. Abin da ke saura a bakin jama'a kuwa sunan ƙabila ne, ba sunan wanda ya ɗana kunamar bindiga ba.

Ku 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Kudu kun fi kowa sanin ɗacin wannan. A Shagamu cikin watan Yuli na 1999, da Idi-Araba a nan Ikko cikin Fabrairu na 2002, da kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairu na 2021, rigimar da mutane kaɗan suka tayar ce ta zama sanadin asarar rai da dukiyar jama'ar da ba ruwansu. A Uromi ta jihar Edo, cikin watan Maris na 2025, an kashe matafiya 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin salla, a kan zato kawai. Cutar da ke cin Awe ita ce ke cin Agege da Sabon Badun da Anaca. Muddin hukuma ta kasa nuna mai laifi da sunansa da hujjarsa, to, jama'a za su nemi wanda za su huce a kansa, kuma baƙo shi ne kan gaba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan tsofaffin shari'o'in kisa da aka jingine, da yadda ilmin zamani zai iya tayar da su, da kuma tarkon da ke jiransu a ƙofar kotu.

ABIN DA DOKA TA CE

Da farko dai ya kamata kowa ya sani, a dokar Nijeriya laifin kisan kai ba shi da wa'adi. Sashe na 221 na kundin Final Kod, wanda jihohin Arewa suka gada tun 1960, ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe mutum da gangan, kuma babu inda aka ce in shekara kaza ta wuce laifin ya faɗi. Sashe na 211 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba Antoni-Janar na kowace jiha ikon shigar da ƙara a kan duk wanda ya karya dokar jiharsa. Watau Antoni-Janar na jihar Nasarawa yana iya gurfanar da wanda ya yi kisa a 2001 ko a 2013 gobe da safe, in yana da hujja.

To, a nan gizo ke saƙar. Laifi ba ya tsufa, amma shaidu suna tsufa. Wani ya mutu, wani ya ƙaura, wani ya manta, wani kuma tsoro ya rufe masa baki. Ɗan sandan da ya fara bincike an yi masa canjin wurin aiki sau biyar, ko ya yi ritaya. Shari'ar da ta dogara ga bakin mutane kaɗai tana raguwa kowace shekara kamar gishiri a ruwa. Shi ya sa har yau babu wanda kotu ta hukunta a kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda aka aika wa bam cikin wasiƙa ran 19 ga Oktoba, 1986. Haka kisan Cif Bola Ige, wanda aka harbe a gidansa na Badun ran 23 ga Disamba, 2001, alhali shi ne Ministan Shari'a na ƙasa. Waɗanda aka gurfanar kotu ta sallame su. Haka kuma kisan Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe yana jan sallar asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ran 13 ga Afrilu, 2007. Idan jinin waɗannan mashahurai bai sami mai bi ba, ina ga na manomin Tunga ko mai haƙar gishirin Awe?

SHAIDAR DA BA TA MANTUWA

Akwai wata shaida wadda ba ta mantuwa, ba ta tsoro, ba a saye ta da goro. Ita ce ƙwayar halitta da masana ke kira DNA. Allah ya sanya wa kowane ɗan Adam wani tsari a cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma ba mutum biyu da nasu ya zama ɗaya sai tagwayen da suka fito daga ƙwai guda. Ana samunsa a jini da yawu da maniyyi da tushen gashi da ƙashi da haƙori, har da ɗan abin da tafin hannu ke bari a ƙotar adda ko a bakin hula. A ɗakin gwaji ana ninka ɗan ƙanƙanen abin da aka samu har ya isa aunawa, sa'an nan a duba wurare kamar 20 a cikinsa, a gwada da na wanda ake tuhuma. In sun saɓa, to, ba nasa ba ne. In sun dace duka, da wuya ƙwarai a ce na wani ne dabam.

Wani malamin Jami'ar Lesta a Ingila, Alec Jeffreys, shi ya gano wannan hanya a 1984. Shari'ar kisa ta farko da aka yi amfani da ita tana da darasi babba. An yi wa 'yan mata biyu fyaɗe an kashe su a ƙauyukan kusa da Lesta, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17, har ya amsa laifin kisa ɗaya. Da aka yi gwaji sai aka ga mutum guda ne ya aikata duka biyun, kuma ba yaron ba ne, aka sake shi. Daga nan aka ɗebi jini ko yawun maza kimanin 5,000 na yankin. Mai laifin, wani ma'aikacin gidan burodi mai suna Colin Pitchfork, ya sa abokin aikinsa ya je ya ba da jini a madadinsa, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Abokin ya yi suɓutar baki, aka kama Pitchfork a 1987, aka ɗaure shi a Janairun 1988. Ku lura, aikin farko da wannan gwaji ya yi shi ne kuɓutar da wanda ba shi da laifi, duk da cewa ya amsa da bakinsa. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Amurka, wani tsohon ɗan sanda, Joseph DeAngelo, ya yi ta kisa da fyaɗe a jihar Kalifoniya daga shekarun 1970 har 1986, ya ɓace. Sai a Afrilun 2018 aka kama shi yana tsoho, domin samfurin da aka ɗauka tun wancan zamani yana nan a adane. A 2020 ya amsa kashe mutum 13, aka yi masa ɗaurin rai da rai. A ƙasar Bosniya kuma, daga cikin Musulmi kimanin 8,000 da aka kashe a Sirebrenika a 1995 aka zuba a manyan ramuka, an gane kusan 7,000 ta hanyar gwada ƙasusuwansu da jinin danginsu, kuma sakamakon ya shiga cikin hujjojin da aka gabatar a kotun duniya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma a duk waɗannan wurare ranar mai kaya ta zo ne domin wani ma'aikaci ya adana shaida tun ranar farko.

YADDA MUKE ZUBAR DA NAMU

Mu duba yadda abin yake a gida. Ran 27 ga watan Yuli, 2006, aka iske gawar Injiniya Funsho Williams, mai neman takarar Gwamnan Ikko, a gidansa da ke Ikoyi, an shaƙe shi an kuma soke shi. Aka gayyato ƙwararrun 'yan sanda daga London, aka ɗebi samfuri, aka gurfanar da mutum 6. A 2013 lauyoyin gwamnati suka shaida wa kotu cewa jini da sauran abubuwan da aka ɗiba sun lalace saboda yawan ɗaukewar wutar lantarki. Suka roƙi izinin tono gawar don a sake ɗiba, kotu ta yarda, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Yuni na 2014 kotu ta sallami mutanen duka, ta wanke su, domin ba a kawo hujjar da ta ɗaure su ba. Shekara 8 ta tafi a banza: dangin mamaci ba su ga adalci ba, waɗanda aka tsare sun yi asarar ƙuruciyarsu, wanda ya yi kisan kuwa yana yawonsa. Wannan fa a tsakiyar Ikko ke nan, a kan babban mutum. Sai ku kwatanta da caji ofis na ƙauye, inda ake jefa riga mai jini a leda, a tura ta ƙarƙashin benci.

Lokacin da jirgin saman kamfanin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga ran 3 ga Yuni, 2012, mutum 153 da ke ciki suka rasu, sai da aka aika da samfuri Ingila kafin a gane gawawwaki da yawa. Gwamnatin Ikko ta ɗauki darasi, Gwamna Akinwunmi Ambode ya buɗe cibiyar gwajin ƙwayar halitta a watan Satumba na 2017. A Oktoban 2020, cikin hargitsin da ya biyo bayan zanga-zangar neman rusa rundunar SARS, ɓata-gari suka farfasa ta suka sa mata wuta. Ingila ta kafa rumbun ajiyar bayanan ƙwayar halittar masu laifi tun 1995, Afirka ta Kudu ta yi dokarta a 2013. Mu kuwa, da yawanmu da arzikinmu, muna ta jan ƙafa.

Abin takaici shi ne, adana irin wannan shaida ba ya bukatar dukiya mai yawa. Maƙiyanta zafi ne da laima da hasken rana da hannun mutane. Riga mai jini a shanya ta a inuwa ta bushe, a sa ta a ambulan na takarda, a liƙe, a rubuta rana da wuri da sunan wanda ya ɗauka. Leda tana riƙe gumi, ta sa fumfuna ta cinye shaidar. Abin da yake ruwa-ruwa shi ke bukatar firji, firji kuwa yau hasken rana yana iya riƙe shi dare da rana. Duk wanda kayan suka bi ta hannunsa ya sa hannu a littafi. Wannan littafi shi ne ran shari'ar.

FAƊAN ƘOFAR KOTU

Jama'a da yawa suna zaton da zarar an sami sakamakon gwaji shi ke nan, an gama. Ba haka ba ne. Kafin a kira shaida na farko akwai roƙe-roƙen share fage da lauyoyi ke gabatar wa alƙali, kuma tsohuwar shari'a a nan take rayuwa ko ta mutu.

Lauyan gwamnati zai roƙi izinin ɗibar yawu ko jinin wanda ake tuhuma, ko izinin tono gawa, ko izinin ƙara sababbin shaidu a kan waɗanda aka rubuta tun farko, ko a ɓoye fuskar mai shaida da ke tsoron ransa. Lauyan wanda ake tuhuma kuma zai nemi beli, zai ce kotun ba ta da hurumi, zai ce takardar tuhuma ba ta tsaru ba, zai nemi a ba shi duk takardun gwaji domin sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma damar shirya kariyarsa. In an kawo takardar amsa laifi, zai ce da duka aka karɓe ta, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 kuwa ya hana karɓar irin wannan, sai a tsaya a yi ƙwarya-ƙwaryar shari'a a kanta. In an kawo sakamakon gwaji a ƙarƙashin sashe na 68, wanda ya yarda da ra'ayin ƙwararre, zai tambaya: wa ya ɗauki rigar, ina ta kwana shekara 15, wa ke riƙe da mabuɗin, wa ya tabbatar ba a musanya ta ba?

Waɗannan tambayoyi haƙƙi ne, kuma mu ba ma goyon bayan a tauye su. A birnin New York a 1989, a shari'ar wani mai suna Castro, alƙali ya zauna makonni da yawa kafin a fara shari'a yana sauraron masana, daga ƙarshe ya ƙi karɓar sakamakon da ya danganta mutumin da jinin, domin ɗakin gwajin ya yi aikin ganganci. Wannan hukunci ne ya tilasta wa masu gwaji a Amurka gyara aikinsu. A Jamus 'yan sanda sun yi shekaru suna farautar wata mace da ƙwayar halittarta ke fitowa a wuraren laifi kusan 40, sai a 2009 aka gane ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar da suke ɗibar samfuri da ita. Gwajin yana cewa alamar wane tana wurin. Ba ya cewa yaushe ta zo, ko me ya kawo ta. Makiyayin da ya sayar da addarsa a kasuwa, ko ɗan acaban da ya ɗauki wanda aka sara ya kai shi asibiti, duk ana iya samun alamarsu. Dole alƙali ya haɗa da sauran hujjoji.

Abin da muke ƙi shi ne mayar da roƙo sana'ar ɓata lokaci. Kowa ya ga shari'ar kisan Hajiya Kudirat Abiola, wadda aka harbe a Ikko ran 4 ga Yuni, 1996. An tsare Manjo Hamza Al-Mustapha tun 1998, aka yi ta roƙo da ɗaukaka ƙara da canjin alƙalai, sai a Janairun 2012 aka yanke masa hukuncin kisa, a watan Yuli na 2013 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin ta wanke shi, saboda shaidun sun yi ta saɓa wa kansu. Ko wane ɓangare mutum yake, dole ya yarda shekara 15 a tsare ba adalci ba ne ga wanda ake tuhuma, kuma dangin marigayiyar ma ba su tashi da komai ba.

Domin maganin irin wannan aka yi Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015. Sashe na 306 ya hana dakatar da shari'a don wani ya ɗaukaka ƙara a kan ƙaramin hukunci, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2017 a shari'ar Olisa Metuh. Sashe na 396 ya ce ƙorafi a kan ingancin tuhuma a saurare shi, amma a ajiye hukuncinsa sai ranar yanke shari'a. A riƙa zama kullum. In ba zai yiwu ba, kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa 5, tsakanin ɗagewa da ɗagewa kuma kada ya wuce kwana 14 na aiki. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, har da Nasarawa. Doka dai ga ta a takarda, saura alƙalan da za su tsaya a kanta.

Akwai kuma gargaɗi ga lauyoyin gwamnati. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 9, na Tsarin Mulki ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da kotu ta riga ta wanke shi, sai da umurnin kotun da ke sama. Saboda haka gaggawar kai mutane kotu ba hujja, don a kwantar da hankalin jama'a, kyauta ce ake yi wa mai laifi. A Ingila, bayan an kashe wani ɗalibi baƙar fata, Stephen Lawrence, a 1993, an wanke waɗanda aka fara gurfanarwa a 1996. Sai da majalisa ta gyara doka a 2003, aka gano wani ɗigon jini da ido ba ya gani a kan rigar ɗayansu, lauyoyi suka roƙi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wankewar a 2011, kana aka ɗaure mutum 2 a Janairun 2012. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BATUN JANA'IZA

Mun san abin da ke zukatan masu karatu. Addini ya umurce mu da gaggauta suturar mamaci, kuma ba wanda ke son a wulaƙanta gawar ɗan'uwansa. Gaskiya ne. Amma ɗibar samfuri ba ya bukatar a kwana da gawa. Kafin wanka, likita ko ma'aikacin da aka horar yana iya goge ƙarƙashin farce da bakin rauni, ya ɗauki hoto, ya karɓi tufafin, cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Sau da yawa wanda aka kashe ya yi kokawa, fatar makashinsa tana ƙarƙashin farcensa, mu kuwa mu wanke ta da hannunmu. Kowane almajiri ya san yadda riga ta zama hujja a ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da wannan gwaji wajen binciken laifi da gane gawawwaki, ko da yake ba ta yarda a tsayar da haddi ko ƙisasi a kansa ba. Ya kamata limamanmu su bayyana wa jama'a wannan a kan mumbari.

KIRANMU

Bisa ga haka muna kira ga mahukunta kamar haka.

Na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda da Antoni-Janar na jihar Nasarawa su kafa ƙaramin ofishi na musamman a Lafiya don tsofaffin shari'o'in kisa, a haɗa 'yan sandan ciki da lauyoyi da likita. Aikinsu na fari shi ne ƙidaya: wane fayil ke nan, waɗanne kayan shaida suka rage daga Azara da Alakyo da ƙauyukan Awe da Keana, waɗanne shaidu ke da rai. Mai yiwuwa a iske da yawa sun salwanta. To, a faɗa wa jama'a gaskiya, a ceci abin da ya saura.

Na biyu, gwamnatin jiha ta fito da rahotannin hukumomin binciken da aka kafa a kan waɗannan rigingimu, ta sa su inda kowa zai iya karantawa. Da kuɗin talakawa aka yi su.

Na uku, a gina ɗakin ajiyar kayan shaida a Lafiya mai firji na hasken rana da littafin sa hannu, a ba kowane caji ofis safar hannu da ambulan da auduga mai tsabta. Kuɗin motar babban jami'i guda ɗaya zai yi wannan aiki. Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jiha ta Keffi suna da malaman da za su iya horar da ma'aikata.

Na huɗu, Babban Jojin jiha ya ba da umurnin aiki cewa a duk shari'ar kisa a yi zaman share fage guda, a tattara roƙe-roƙen ɓangarorin biyu a warware su cikin ƙayyadadden lokaci, lauyan gwamnati ya miƙa takardun gwaji tun da wuri. Talakan da ba shi da lauya a ba shi, a kuma ba shi damar a sake gwajin a wani wuri dabam.

Na biyar, Majalisar Tarayya ta yi cikakkiyar doka a kan ɗibar ƙwayar halitta da ajiyarta: wa za a ɗiba, da izinin wa, wa zai gani, yaushe za a goge na wanda aka wanke. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa irin wannan bayani cikin masu tsananin sirri, amma bai isa ba. Ba za mu yarda a tare 'yan Arewa a tasha ko a kasuwa ana ɗibar yawunsu don kawai kamanninsu ba.

Saura namu. Ku sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da na direbobi a Mil 12 da Alaba Rago da Sabon Shagamu da Fatakwal, ku riƙe littafin sunayen mutanenku da garuruwansu da lambar wani ɗan'uwa a gida. Samari nawa suka mutu a Kudu aka binne su ba suna, iyayensu na can suna jiran sallama? In an sami gawa, ku hana jama'a tattake wurin, kada a ɗauki makami ana nuna wa juna, kada a ƙone tufafi. Ku nemi lambar fayil da sunan ɗan sandan da ke bincike, ku rubuta, ku riƙa komawa kuna tambaya. In an nemi uwa ko ɗa su ba da yawu don gane mamaci, ku ƙarfafa musu guiwa. Wanda ya ga abu da idonsa kuma ya daure ya ba da shaida, domin ɓoye ta zunubi ne.

Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Aikin hukuma shi ne ta tabbatar ya bi mai shi ɗin, bai faɗa kan maƙwabcinsa ko ɗan ƙabilarsa da ke sayar da albasa a wata jiha ba. Muna jiran mu ji abin da Lafiya za ta ce, kuma wannan shafi zai ci gaba da tambaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tona asirin azzalumai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.